Littafin Tarihin Kano Da Ƙauyukan Da Ya Tsallake

Ran nan muna cikin karatun Tarihin Kano da yaran aji, mun kai kan labarin Muhammadu Rumfa, sai wani yaro ɗan ƙauyen arewacin birni ya ɗaga hannu, ya ce, "Allah gafarta Malam, yau mako uku ke nan muna karanta littafin nan, ban ji an ambaci garinmu ba ko sau ɗaya. Ashe mu ba mu da tarihi?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Mu kuwa ba mu yi dariya ba, gama yaron ya taɓo abin da ya daɗe yana ci mana rai. Sabo da haka muka ga ya kamata mu kawo maganar nan fili, domin ku 'yan makaranta, galibinku 'ya'yan manoma ne, ku san darajar littafin nan, ku kuma san iyakarsa.

Asalin littafin

Da Larabci aka rubuta shi, a cikin birnin Kano. Ya faro daga Barbushe da mutanen dutsen Dala, sa'an nan ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908. Bayan haka Ofishin Fassara na Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ya fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi na biyu, a 1933. Wannan shi ne ya shiga makarantu, shi ne kuma iyaye da kakanni suka karanta.

Marubucin bai sa sunansa ba. Waɗansu masana, irin su Murray Last, sun yi zaton Ɗan Rimi Barka ne, ɗaya daga cikin manyan bayin sarki na zamanin Bello. Waɗansu kuwa sun ce an yi ta tara shi ne kaɗan kaɗan tun da daɗewa. Ko wanne ne daidai, abu guda ya tabbata ga duk wanda ya karanta shi da natsuwa, watau mai rubutun nan a fada ya ke zaune, kuma daga ƙofar fada ya ke hangen duniya.

Akwai wani abin da ya kamata ku riƙe tun yanzu. Shekarun nan da ku ke haddacewa, kamar 999 ta hawan Bagauda, ko 1463 zuwa 1499 na Rumfa, ba marubucin ya sa su ba. Shi tsawon sarautar ko wane sarki ya faɗa, Palmer ne ya yi lissafi da baya baya ya fitar da shekarun. Suna da amfani, mu ma za mu yi aiki da su a nan, amma na farko farkon nan ku ɗauke su a kan kirdado ne.

Yabon gwani ya zama dole

Kada wani ya zaci mun zo rage wa littafin nan daraja ne. Ƙasashe kaɗan ne a Afirka ta Yamma su ke da irinsa. Maganarsa gajeruwa ce, ba ya jan zance, ya kan zana halin sarki da kalmomi biyu uku ka ji kamar ka san shi. Ba ya kuma ɓoye laifin masu mulki, wanda ya yi zalunci ya kan ce ya yi zalunci. Ga shi da lura da abin da masu kirarin yaƙi ba su kula da shi. Shi ya gaya mana Wangarawa sun zo zamanin Yaji, an buɗe hanyar Gwanja zamanin Abdullahi Burja, gishiri ya yawaita zamanin Yakubu, Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi, wuri ya shigo zamanin Sharefa. Wanda ya bi waɗannan a jere ya ga yadda gari ya ke zama babbar kasuwa. A nan ne kuwa maganarmu za ta faro.

Kano tasha ce

Kun karanta cikin labarin ƙasa, ko wace babbar tashar jiragen ruwa, kamar Ikko ko Tarabulus, tana da 'yan ƙauyuka kewaye da ita. Nan masunta su ke, da masu kwale-kwale, da 'yan dako, da masu kawo itace da abinci. Jirgi ba ya tashi sai da guminsu, amma ran da aka zo rubuta tarihi sai a rubuta sunan jirgin da na mai shi, su kuwa a tsallake su.

To, Kano ma tasha ce, sai dai tekunta na rairayi ne. Larabawa su kan kira bakin hamada sahil, ma'anarsa gaɓar teku, raƙumi kuwa shi ne jirginsu. Ayarin Gadamas da Tarabulus, da na Asbinawa masu ɗauko kantun gishiri daga Bilma, da fataken kanwa daga Barno, da na goro daga Gwanja, duk nan su ke sauke kaya. Fage, bayan ganuwa, ita ce masaukin raƙuma. Dandalin Turawa cikin birni unguwar Larabawa ce, gama a da Larabawa a ke kira Turawa. Ƙauyukan da ke arewa da birni kuwa, ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, su ne 'yan garuruwan bakin gaɓa, ta cikinsu ayarin arewa ke ratsawa kafin ya hango Dala da Gwauron Dutse.

A kan yi wa Kano kirari da tumbin giwa. To, tumbi ba ya cika kansa. Wa ke cika shi?

Barth, Bajamushen nan da ya ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo Kano ta hanyar Katsina cikin watan Fabrairu na 1851. Ya ƙiyasta mazauna birni sun kai 30,000, ya kuma ƙiyasta tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa ko wace shekara ba su kasa na wuri 300,000,000 ba, har ya ce Tumbutu kaɗai ta kan sha kayan raƙumi 300. Ku yi lissafi da kanku, ku da ku ka iya. Mutum 30,000, har da jarirai da tsofaffi da malamai da fadawa, ba su iya noma audugar nan, su gurje ta, su kaɗa ta, su saƙa, su rina, su buga. A ƙauye aka noma auduga da baba. Matan ƙauye ne su ka zauna da mazari da alli su ka kaɗa zaren. Masaƙan Minjibir da ire-irensu su ka saƙa shi. Geron da Buzu ya ke musaya da gishirinsa, da harawar da raƙuminsa ya ci, da fatar akuyar da Balarabe ya kai Tarabulus, duk daga gonaki da garkunan ƙauye su ka fito. Wannan duka littafinmu bai ba shi ko shafi guda ba.

Inda littafin ya yi shiru

Mun bi shi daga farko har ƙarshe muna duba yadda ƙauye ke shiga cikinsa. Galibi ta ƙofa uku ya ke shiga: ran da aka ci shi da yaƙi, ko ran da sarki ya sauka cikinsa, ko ran da aka ɗora masa haraji. Bari mu kawo misali biyu.

Na fari, zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452. Littafin ya ba da labarin Galadima Dawuda ya yi ta kai hari kudu yana aiko da bayi, har ya kafa garuruwa 21, ya zuba bayi 1,000 cikin ko wanne. An kawo labarin ne don a nuna ƙasaitar Galadima. Amma ku tsaya ku yi tunani. Ko da adadin nan an ƙara masa gishiri, mutane ne masu yawa aka raba da iyayensu aka dasa a ƙasar da ba su san harshenta ba. Wane harshe su ka zo da shi? Me su ka noma? Yaushe 'ya'yansu su ka zama Kanawa? Marubucin ya ƙidaya su kamar yadda a ke ƙidaya dawaki, ya wuce.

Na biyu, zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743. Littafin ya ce sarki ya tsananta karɓa a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa, Larabawa su ka koma Katsina, talakawan birni da yawa kuwa su ka gudu ƙauye. A ganin marubucin labari ya ƙare ke nan, gama mutanen sun fita ƙofar gari. A ganinmu kuwa nan ne labari ya fara. Waɗanda su ka fita ɗin nan sun tafi da sana'arsu a hannu, da allunansu, da sanin ciniki. Ina su ka yada zango? Wace rijiya su ka haƙa? Watakila kakan kakan yaron nan da ya yi mana tambaya yana cikinsu.

Abin da waɗansu su ka tono

Da ya ke ruwa ba ya tsami banza, masana na baya sun lura da giɓin nan, sun kuma yi ƙoƙarin cike shi.

Ku ɗauki Fanisau, 'yar tafiya kaɗan arewa da birni. Kun san ta da gidan sarki da al'adar Hawan Fanisau na bikin Salla. Sarki Ibrahim Dabo, 1819 zuwa 1846, shi ya mai da ita ribaɗi sabo da yaƙinsa da Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure. Can Clapperton, Baturen Ingila, ya tafi ya gai da shi a 1824. Malam Mohammed Bashir Salau ya rubuta littafi sukutum a kan garin nan, an buga shi a 2011, ya nuna yadda sansanin yaƙi ya rikiɗe ya zama garin gandaye, bayi na noma hatsin da ke ciyar da fada da mayaƙa da baƙi. Manyan bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ke duba gandayen sarauta, ƙarƙashinsu kuma akwai sarakunan gandu. Bawa ya kan yi aikin gandu, sa'an nan ya juya ga 'yar gayaunarsa. Wani ya kan shiga murgu, watau ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya yi nemansa, in ya dace har ya tara kuɗin fansa. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta su ne cucanawa. Da yawa daga cikin abin da Malam Salau ya dogara a kai ya fito ne daga hirar da aka ɗauka da dattawa a 1975. Da ba a tambaye su ba a lokacin, da sun tafi kabari da shi.

Ku ɗauki kuma Agalawa da Tokarawa. Paul Lovejoy ya bi asalinsu cikin littafinsa na fataucin goro na 1980. Daga wajen Buzaye kakanninsu su ka fito, su ka zauna cikin ƙauyukan Kano da Katsina, suna noma da damina, da rani kuwa su ɗaura wa jakuna kaya su nufi Gwanja. Daga cikinsu Alhasan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji, ya rasu a 1955. Ashe babban attajirin birni ɗan ƙauye ne, jikan baƙin da teku ta rairayi ta turo gaɓa.

Sai kuma ƙasar kanta. Michael Mortimore da abokin aikinsa sun fitar da rahoto a 1965 a kan karkarar da ke kewaye da birni, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda a ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba, ba ta kuwa mutu ba. Ku kun san asirin, don da hannunku ku ke yinsa. Taki ne. Jaki ya shiga birni da itace da hatsi da kara, ya komo da mangala cike da shara da toka. A ɗaure awaki da tumaki da damina a tara kashinsu. A bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaye cikin gona. A haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya. In an yi girbi a bar makiyayi ya kwana da dabbobinsa a gona. Wannan hikima ce da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru ana gina ta, ba ta kuwa gaza ginin ganuwa ba. Ganuwa an faɗi wanda ya fara ta da wanda ya ƙara ta. Wanda ya fara kai taki gona ba a san sunansa ba.

Amma su ma littattafan nan muna da magana a kansu. Da Turanci aka rubuta su, a ƙasashen waje aka buga galibinsu, kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta balle ɗalibi. Dattijo ya ba da labarinsa da Hausa a zaurensa, jikansa kuwa ba shi da hanyar karanta shi. An ɗebi ruwa a rijiyarmu an kai randar da ba mu iya kaiwa gare ta.

Ko laifin marubuci ne?

Gaskiya ita ce ba mu ɗora masa laifi duka ba. Ko wane mai rubutu yana da wanda ya ke yi wa. Shi ya yi ne don a san jerin sarakuna, da wanda ya gaji wane, da asalin ko wace sarauta, ya kuwa cika aikinsa. Ba a zargin maroƙi don bai yi wa manomi kirari a ƙofar fada ba. Laifin namu ne, mu malamai, da mu ka ɗauki littafin fada mu ka ce wa yara wannan shi ne tarihin Kano duka. Sunansa na gaskiya tarihin sarakunan Kano. Da mun faɗa musu haka tun farko, da yaro bai tashi da zaton kakanninsa ba su yi kome ba a duniya sai biyan haraji.

Illar wannan zato ba ƙarama ba ce. Yaron da ya yarda garinsu ba shi da tarihi ya kan ji kunyar faɗin sunansa, ya kan raina fartanyar ubansa, in ya sami ilimi kuma ba ya waiwayar gida. Kowa ya bar gida kuwa, gida ya bar shi.

Tasha ta juya fuska

Littafin ya tsaya kafin zuwan Turawan Ingila a 1903, sabo da haka bai ga babban juyin da ya biyo ba. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga ciniki a 1912. Tun daga nan tashar da ke fuskantar arewa ta juya ta fuskanci Ikko, ayarin Tarabulus ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Turawa auduga su ka sa rai za su samu. Manoman ƙauye su ka auna, su ka ga gyaɗa ta fi riba, ga ta ana ci in ciniki ya ƙi, ga harawa ta dabbobi, su ka zaɓi gyaɗa. Dalar gyaɗar nan da ta yi suna a duniya, wadda yanzu sai a hoto, shawarar talakawa ce ta gina ta. A cikin shekarun nan ne kuma aka yi babbar yunwa ta 1914, aka kuma yi ta kwance igiyar bauta sannu sannu, tun daga dokar da ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan watan Maris na 1901, har zuwa 1936 da aka soke ta ɗungum.

Har wa yau Kano ba ta bar zama tasha ba. Hatsin da ke taruwa a kasuwar Dawanau yana kaiwa Nijar da Chadi da gaba da nan, a 2023 kuma aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Zawaciki. Sai dai yanzu tumbin giwa ya fara cin gonakin da ke ciyar da shi. Polly Hill ta zauna ta yi nazarin manoman Ɗorayi, ta fitar da littafinta a 1977. Ku je Ɗorayi yau ku nemi gonakin da ta auna, gidajen bulo za ku tarar. Abin da ya ci Ɗorayi kuwa yana tafe ta hanyar Katsina da ta Ɗambatta. Ran da aka yanka gona fuloti, sunanta ya kan ɓata, ran da tsoho ya rasu kuma, abin da ke cikin kansa ya bi shi.

Aiki ya rage gare ku

To, 'yan makaranta, matambayi ba ya ɓata. In an ba da hutu, ko wannenku ya sami littafin rubutu guda ya keɓe. Ku je wurin kakanninku, maza da mata, ku durƙusa ku gai da su, ku tambaye su da ladabi. Wa ya sari garin nan, daga ina ya zo? Me ya sa a ke kiran unguwar nan da sunanta? Wa ya haƙa tsohuwar rijiya? Ina karofi ya ke a da, yaushe aka bar rini? Ta ina burtalin fatake ya bi, a gindin wace itaciya su ke sauka? Wane suna mutanen garinku su ka sa wa ko wace yunwa? Kada ku tsallake tsofaffin mata, gama su ne su ka san wace amarya aka kawo daga wane gari, kuma aure shi ne zaren da ya ɗinke ƙauyukan nan.

Ku rubuta yadda aka faɗa muku, da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. In biyu sun saɓa, ku rubuta duka biyun, kada ku gyara don ya yi daɗi. Kada kuma ku ƙaga wa garinku asali daga Gabas don ku ƙara masa girma, girman da ya ke da shi ya isa. Abu guda mu ke gargaɗinku da shi ƙwarai. Za ku ji asalin gidaje, waɗansu daga sarauta, waɗansu daga fatauci, waɗansu daga bauta. Wanda ya ɗauki abin da ya ji ya mai da shi abin gori ga ɗan'uwansa ya ci amanar ilimi. Wanda aka kamo da ƙarfi ba shi ne abin kunya ba, kuma guminsa na cikin ko wane damin da ya shiga birni.

Ku ci gaba da karanta Tarihin Kano, ku san shi sarai, gama da tsohuwar zuma a ke magani. Amma ku ajiye naku littafin kusa da shi. Yaron nan da ya yi mana tambaya mun riga mun ba shi nasa, mun ce ya fara da rijiyar ƙofar gidansu.